Tsofaffi Goma da Makonni Takwas: Nazarin Gwajin Ƙarfin Tsoka na Boston

A watan Yunin 1990 mujallar JAMA, ta ƙungiyar likitocin Amurka, ta wallafa rahoton wani ƙaramin gwaji da aka yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, mai suna Hebrew Rehabilitation Center for Aged. Mutum goma kacal ne a gwajin, mata shida da maza huɗu. Ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96, matsakaicin shekarunsu kuwa 90. Likita Maria Fiatarone ce ta jagoranci aikin tare da William Evans da abokan aikinsu na cibiyar binciken tsufa ta Jami'ar Tufts. Abin da suka yi shi ne sa waɗannan dattijai su ɗaga nauyi mai nauyin gaske, sau uku a mako, har tsawon mako takwas.

Na zaɓi wannan lamari ne saboda ya taɓa wata tambaya da ke cikin kowane gida mai tsoho. Idan ƙafafun mutum suka fara gaza masa, nawa ne a ciki aikin shekaru, nawa ne kuma aikin zama wuri ɗaya? Na farkon ba mu da iko a kansa. Na biyun muna da shi, kuma gwajin Boston ya nuna cewa rabonsa ya fi yadda aka zata girma nesa ba kusa ba.

Su wane ne mutanen

Ba 'yan wasan da suka tsufa da ƙarfinsu aka tsinto ba. Mazauna gidan tsofaffi ne, raunana, kusan kowannensu na fama da cututtuka huɗu ko biyar a lokaci ɗaya: amosanin gaɓɓai, ciwon zuciya, hawan jini, raunin ƙashi. Yawancinsu sun taɓa faɗuwa, yawancinsu kuma sai da sanda ko abin dogarawa suke tafiya. Uku daga cikinsu ba sa iya tashi daga kujera sai sun dafa hannunta. Irin mutanen ne da kowa ke cewa a lallaɓa su, kar a wahalar da su.

Kafin a fara komai an auna ƙarfin tsokar gaban cinyarsu, wadda ke miƙar da gwiwa. Ita ce ke ɗaga mutum daga zaune, ita ke hawa da shi matakala, ita kuma ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Matsakaicin nauyin da suka iya ɗagawa sau ɗaya da ƙafa guda bai wuce kimanin kilo 8 ba. Masu binciken sun kuma lura da wata alaƙa tun a ranar farko: duk wanda cinyarsa ta fi rauni, shi ya fi daɗewa kafin ya gama 'yar tazarar da aka ba su su taka.

Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne tsoho ya yi 'yar tafiya, ya motsa hannuwa yana zaune, shi ke nan. Ana tsoron tsagewar tsoka, da karaya, da bugun zuciya. Akwai kuma zaton cewa tsokar mai shekara 90 ta riga ta rufe littafinta, ko an matsa mata ba za ta amsa ba. Shekaru biyu kafin nan, a 1988, Walter Frontera da Evans sun nuna cewa maza masu shekara 60 zuwa 72 sun ninka ƙarfin cinyarsu cikin mako 12 na ɗaga nauyi. Amma waɗancan lafiyayyu ne da ke zaune a gidajensu. Kai wannan tsari gidan da mutane ke dogara sanda wani mataki ne daban, kuma yana buƙatar ƙarfin hali daga likitocin da tsofaffin baki ɗaya.

Abin da shekaru ke yi wa tsoka

Ba za a gane girman sakamakon ba sai an san irin asarar da waɗannan mutane suka riga suka tafka. A 1988 wani mai bincike ɗan Suwidin, Jan Lexell, ya nazarci tsokar cinyar gawarwakin maza 43 masu shekara 15 zuwa 83 waɗanda suke da lafiya kafin mutuwa ta riske su. Ya tarar kaurin tsokar na raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin shekara 20 da 80. Babban dalilin shi ne zaruruwan tsokar kansu ne ke ɓacewa, adadinsu na raguwa. Waɗanda suka tsira kuma, musamman masu saurin aiki, sai su sirance.

Tsoka tana da zaruruwa iri biyu a taƙaice. Akwai masu jimiri, waɗanda ke riƙe mutum a tsaye da tafiya a hankali ba tare da saurin gajiya ba. Akwai kuma masu sauri da ƙarfi, waɗanda ake kira idan za a yi zumbur a miƙe, ko a ɗaga abu mai nauyi, ko a jefa ƙafa gaba don kar a kai ƙasa. Na biyun su tsufa ya fi cinyewa. Kowane rukunin zaruruwa kuma yana ƙarƙashin ƙwayar jijiya guda da ke cikin laka. Bayan shekara 60 waɗannan ƙwayoyin jijiya na fara mutuwa, zaruruwan da suke ba umarni sai su zama marayu. Wasu maƙwabtan jijiyoyi su ɗauke su riƙo, wasu kuwa su shanye, kitse da jijiyar nama su maye gurbinsu. Shi ya sa za ka ga cinyar tsoho ba ta rame ba a ido, amma hoton cikinta ya nuna kitse ya ratsa ta ko'ina.

A 1989 Irwin Rosenberg, shi ma na Tufts, ya raɗa wa wannan hali suna sarkofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin nama da talauci. Talaucin tsoka ke nan. Sai a 2016 aka ba shi lambarsa ta kansa a kundin cututtukan da asibitocin Amurka ke aiki da shi.

Wani abu da bincike ya fito da shi daga baya ya ƙara haska lamarin. A 2006 Bret Goodpaster da abokansa suka bi mutum 1,880 masu shekara 70 zuwa 79 na tsawon shekara uku, suka ga girman tsokar ƙafa na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, amma ƙarfinta na raguwa da ninki uku na haka. Wato ƙarfi yana riga nama tafiya. Wannan yana da muhimmanci domin tashi daga kujera yana da farashinsa tsayayye: dole ƙafafu su ɗaga nauyin jikin gaba ɗaya, ko mutum yana da shekara 30 ko 90. Saurayi yana biya da ɗan abin da ke aljihunsa, bai ma san ya biya ba. Tsohuwa mai shekara 90 sai ta zazzage duk abin da take da shi. Ranar da ya gaza kaiwa, ranar ce za ta fara jiran a zo a ɗaga ta.

Yadda aka gudanar da atisayen

Tsarin ba shi da wani ado. Mutum zai zauna a kan na'ura, a sa nauyi a ƙasan ƙafarsa, ya miƙar da gwiwa a hankali sannan ya sauke a hankali. Sau takwas a jere, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake, har zagaye uku ga kowace ƙafa. Kwana uku a mako, da mai sa ido a gefe.

Sirrin yana cikin yawan nauyin. A makon farko an ba kowa rabin abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya, don jiki ya saba. Daga nan aka kai shi kashi 80 cikin 100. Duk bayan mako biyu kuma a sake auna iyakar ƙarfin mutum, a ƙara nauyin ya dace da sabon matsayinsa. Da an bar su da nauyin makon farko, da zuwa mako na huɗu ya zama wasa.

Akwai dalilin da ya sa nauyin ya zama dole ya yi yawa. Jiki ba ya kiran duk zaruruwan tsoka lokaci ɗaya. Yakan fara da ƙananan rukunai masu jimiri, sai idan aikin ya fi ƙarfinsu ya tashi manyan masu sauri. Aiki mara nauyi, komai daɗewarsa, da ƙyar yake kai ga ƙofar waɗannan manyan. Mutum zai iya yin tafiyarsa ta yau da kullum shekara da shekaru, zuciyarsa da huhunsa su amfana ƙwarai, amma zaruruwan da za su cece shi ranar tuntuɓe suna kwance ba wanda ya taɓa su. Ba ina rage wa tafiya daraja ba ne, tana da nata aikin da ba abin da zai maye shi. Sai dai ba ita kaɗai za ta riƙe ƙarfin cinya ba.

Sakamakon

Tara daga cikin goman suka kai ƙarshe. Namiji ɗaya ya dakata a tsakiya saboda ya ji wurin da aka taɓa yi masa aikin ƙaba yana damunsa. A cikin taran, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Wanda ke ɗaga kilo 8 ya koma ɗaga kimanin 20. Hoton na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna kaurin tsokar tsakiyar cinya ya ƙaru da kashi 9. Saurinsu a gwajin tafiyar da ake ɗora dunduniya daidai gaban yatsun ɗaya ƙafar, wanda ke auna daidaiton jiki, ya inganta da kashi 48. Mutum biyu sun ajiye sandarsu. Ɗaya daga cikin ukun nan da ba sa tashi sai sun dafa ya koma tashi da ƙafafunsa kawai.

A wurina wannan na ƙarshen ya fi duk alkaluman nauyi. Wanda zai iya miƙewa da kansa zai iya zuwa bayan gida ba tare da ya kira kowa ba, a lokacin da yake so, ya rufe ƙofa. Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ko kaka ya san abin da rasa wannan ke yi wa zuciyar dattijo.

Mai lura zai tambaya: ta yaya nama zai ƙaru da kashi 9 kawai, ƙarfi kuma ya kusa ninka uku? Amsar tana cikin jijiya. A makonnin farko na kowane atisayen ƙarfi, ga yaro da babba, yawancin ribar daga ƙwaƙwalwa da laka take zuwa. Suna koyon tada rukunai da yawa a tare, su aika musu saƙo da sauri, su kuma sa tsokar bayan cinya ta daina ja-in-ja da ta gaba. Ma'ana wani ɓangare babba na ƙarfin nan yana jikin tsofaffin tun farko, an dai daɗe ba a nema ba har hanyar zuwa gare shi ta cushe. Kashi 9 ɗin kuma ba abin rainawa ba ne, domin ya tabbatar da cewa tsoka mai shekara 90 tana iya gina sabon nama.

Dole a faɗi raunin gwajin. Mutum goma sun yi kaɗan. Babu rukunin kwatanci da aka bari ba atisaye, don haka wani zai iya cewa kulawar da aka ba su da sabawa da na'urar sun taka rawa. Sannan wanda ya faro daga ƙasa sosai, ɗan ƙari kaɗan sai ya fito da kaso mai ban mamaki: kilo 12 a kan kilo 8 ya fi kilo 12 a kan kilo 40 armashi a lissafi. Masu binciken sun san da haka, shi ya sa suka koma suka yi babban gwaji.

Makonni huɗu bayan an daina

Wannan sashe na rahoton ba a cika ambatonsa ba, alhali ya kamata ya fi kowane tsaya wa mutane a rai. Bayan an gama, bakwai daga cikin mahalartan sun koma zamansu na da, aka ci gaba da auna su. Cikin mako huɗu kashi 32 cikin 100 na ƙarfinsu ya zube.

Tsoka nama ce mai tsada ga jiki. Kullum ana rushe furotin ɗinta, wato sinadarin da aka gina ta da shi, ana sake ginawa, kuma jiki ba ya ciyar da abin da ba a aiki da shi. Ga tsoho lamarin ya fi tsanani, domin tsokarsa ba ta amsa abinci da motsi da sauri kamar ta matashi. Adadin furotin da zai sa tsokar saurayi ta hau gini, ta tsoho sai ta ɗan motsa kawai. Rashin motsi kuma yana ƙara toshe wannan kunnen.

Evans ya sake taɓo wannan gefen a 2007, a Jami'ar Arkansas, tare da Patrick Kortebein. Suka kwantar da lafiyayyun mutum 12, matsakaicin shekarunsu 67, a gado na kwana goma, ana ba su isasshen abinci. Sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafu kaɗai, ƙarfin gwiwarsu ya ragu da kimanin kashi 16, ginin furotin a tsokarsu ya faɗi da kashi 30. Lafiyarsu ƙalau, ba zazzaɓi ba tiyata. Idan aka tuna cewa shekaru na cin kashi 3 ko makamancin haka na ƙarfi a shekara, kwana goman nan sun yi ɓarnar shekaru da dama.

Daga nan ne na fahimci cewa raunin tsufa ba gangara ce mai santsi ba kamar yadda muke zato. Matakala ce. Mura ta kwantar da mutum mako guda, ya sauka taki ɗaya. Ya faɗi, tsoro ya hana shi fita wata biyu, ya sauka wani. An kwantar da shi asibiti, ya sauka biyu. Matashi kan hau ya koma inda yake ba tare da ya yi komai na musamman ba. Tsoho sau da yawa ba ya komawa sai an yi aikin da gangan. A tsakanin waɗannan matakai kuma akwai ƙaunar iyali, wadda ba ta da laifi a niyya: "Baba, zauna abinka, bari in ɗauko maka." "Mama, kar ki tashi, sai ki faɗi." Ana faɗin haka sau ashirin a yini, kowane ɗaya tashi ne da zama da aka ɗauke wa cinyar da ke matuƙar buƙatarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin raunin ƙafa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo faɗuwar da ake tsoro.

Gwaji na biyu, 1994

Shekaru huɗu bayan rahoton farko, mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa babban gwajin. A wannan karon mutum 100 ne daga gidan, mata 63 da maza 37, masu shekara 72 zuwa 98, matsakaici 87. An raba su ta hanyar ƙuri'a gida huɗu: masu atisaye kaɗai, masu shan wani abin sha mai ƙarin sinadaran gina jiki kaɗai, masu haɗa biyun, da waɗanda ba a ba su ko ɗaya ba. An yi mako goma ana horar da tsokokin ƙugu da gwiwa, kuma 94 cikin 100 sun kammala.

Masu atisaye sun ƙara ƙarfi da kashi 113, waɗanda ba su yi ba kashi 3. Saurin tafiyar masu atisaye ya ƙaru da kusan kashi 12, na sauran ya ɗan ragu. Ƙarfin hawa matakala ya ƙaru da kashi 28, a ɗaya ɓangaren bai kai 4 ba. Kaurin tsoka kuwa kashi 2.7 kawai ya ƙaru, na marasa atisaye ya ragu da 1.8, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Nan ma dai ƙarfi ya tsere wa nama.

Abin shan shi kaɗai bai ƙara wa kowa ƙarfi ba. Waɗanda aka ba shi ba tare da atisaye ba sai suka rage cin abincinsu na yau da kullum, lissafin ya koma inda yake. Masu haɗa shi da atisaye ne kaɗai jimillar abin da suke ci ta ƙaru. Ba a ce abinci ba shi da amfani ba, tsohon da ba ya samun isasshen furotin ba shi da tubalin gini. Amma tubali ba ya hawa kansa. Ina ganin wannan darasi ya cancanci a maimaita shi ga duk iyalin da ke kashe abin hannunsu a kan gwangwanayen ƙarin kuzari, tsohon kuma yana kwance daga safe zuwa dare.

Abin da za a iya ɗauka, da iyakarsa

Yau ana da ma'aunai masu sauƙi na gane wanda ya kusa bakin ramin. Ƙungiyar masana ta Turai da ke nazarin sarkofeniya, a matsayarta ta 2019, ta sa raunin ƙarfi a gaba da ƙarancin nama. Idan mutum ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 kafin ya tashi ya zauna sau biyar daga kujera ba tare da dafawa ba, ko ƙarfin damƙarsa bai kai kilo 27 ba ga namiji, 16 ga mace, to a bincika. Gwajin kujerar ba ya buƙatar komai sai kujera da agogo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagorarta ta 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama su haɗa da atisayen daidaiton jiki aƙalla kwana uku.

Sai dai kada a manta yanayin da aka yi gwajin Boston a ciki. Likita ya duba kowa kafin a fara, an ware masu ciwon da bai lafa ba, an fara da rabin nauyi, kuma ba a bar kowa shi kaɗai da na'ura ba. Mai ciwon zuciyar da ke tashi, ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko sabuwar karaya, ko ƙaba, likita zai fara gani. Mutumin da ya dakata a gwajin farko shaida ne cewa jiki na iya cewa a'a, kuma a saurare shi. Na'ura ba sharaɗi ba ce. Ga mai rauni sosai nauyin jikinsa ma ya isa aiki: tashi da zama daga kujera mai ɗan tsayi, daga baya a koma gajeriya, daga baya a riƙe wani abu a ƙirji. Sharaɗin da ba ya canzawa shi ne ɗagawar ƙarshe ta yi wuya, kuma a ƙara idan ta yi sauƙi.

Atisayen bai mayar da kowa saurayi ba. Ƙwayoyin jijiyar da suka mutu ba su dawo ba, kuma hatta 'yan wasan da ba su taɓa daina horo ba ƙarfinsu na raguwa da shekaru, sai dai daga tudu mai tsayi suke gangarowa. Mai shekara 45 da ya fara yanzu yana tara abin da zai kashe a 80.

A gwajin 1994 an ɗaura wa mahalartan na'urar auna motsi a ƙafa don a ga yadda suke yini a wajen ɗakin atisaye. Waɗanda suka ɗaga nauyi, yawan motsinsu na kashin kai ya ƙaru. Ba wanda ya umarce su da haka. Ƙafafun sun fara ɗaukarsu, sai suka riƙa tashi suna zuwa inda suke so.